Mai Niyyar Barin Taba, Ina Zai Dosa?

A cikin aikin da muke yi a ɗakunan shan magani na ƙasar Ajingi, tun daga cikin gari har Toranke da Balare da Gafasa, babu majinyacin da ya fi wuyar ganewa kamar mashayin taba sigari, domin ba da sunan taba yake zuwa ba, sai dai da tarin da ya ƙi jin magani, ko nauyin ƙirji, ko hawan jini, kuma muddin ba a keɓe shi aka tambaye shi ba, inda babu ɗansa ko surukinsa a kusa, kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka amsa mini sun sha ɗaura azamar bari, musamman a watan Ramadan, inda mutum kan wuni tun daga alfijir har faɗuwar rana bai kunna kara ba, amma da an sha ruwa sai hannu ya koma aljihu.

Malamai sun daɗe da saɓani a kan hukuncin taba, tun ƙarni na 17 da Ahmad Baba na Timbuktu ya yi fatawar halascinta, Muhammad al-Wali na Bagirmi kuma ya wallafa risala a kan haramcinta. Wannan fage nasu ne. Namu shi ne mutumin da hujja ta riga ta gamsar da shi, ya yi niyya, amma jikinsa ya ƙi yi masa biyayya.

Sababin haka sananne ne. Nikotin da ke cikin hayaƙi yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙoƙi kaɗan, kuma idan ta saba da shi aka yanke mata, sai ta tayar da saurin fushi da rashin barci da ciwon kai da wata matsananciyar sha'awa, waɗanda suka fi tsanani a kwanakin farko, sa'an nan su yi ta raguwa cikin mako biyu zuwa huɗu. Wanda ba a sanar da shi wannan ba yakan ɗauka raunin himma ne ya kayar da shi, alhali kuwa lalura ce mai lokaci, mai magani.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta fitar da jagorarta ta farko kan taimakon manya su bar taba a 2024, ta ƙiyasta cewa fiye da kashi 60 cikin ɗari na masu shan taba biliyan 1.25 suna son bari, amma kashi 70 cikin ɗari ba su da inda za su sami taimako mai amfani. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar yaƙi da taba a 2005, ta kafa doka a 2015 wadda ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayarwa kara-kara, ko da yake duk wanda ya tsaya gaban mai tebur ya san inda aka kwana. Sai dai doka, ko an bi ta, hani kawai take yi, ba ta jinya.

A ganina ba sabon gini muke bukata ba. Nasiha ta daƙiƙa 30 zuwa minti 3 daga bakin malamin asibiti tana cikin abin da jagorar ta tabbatar da amfaninsa, saboda haka wajibi ne tambayar taba ta shiga katin kowane baligi kamar awon jini, har da masu cusa garin taba a baki ko shaƙa a hanci, waɗanda galibi ba sa ƙidaya kansu cikin mashaya. Ƙofar da ta fi dacewa kuwa ita ce ta masu tarin fuka, domin wata shida suke yi suna zuwa karɓar magani, hayaƙi kuma yana jinkirta warakarsu, yana ƙara haɗarin dawowar cutar. Wanda za ka riƙa gani tsawon wannan muddar, ai ka sami sarari ka sa masa ranar bari, ka bi sawunsa ta waya a makon farko, ka shawarce shi ya riƙe asuwaki ya ƙaurace wa majalisar da aka saba kunnawa. Haka wurin awon ciki, inda ta bakin uwargida ake sanin maigida yana sha a ɗaki.

Ga wanda nasiha kaɗai ba ta ishe shi ba akwai cingam da filasta masu nikotin, da ƙwayoyi irin su varenicline da bupropion, waɗanda ba a shan su sai da izinin likita, na biyun ma ba a ba mai farfaɗiya. Samunsu a ƙauye yana da wuya, tsadarsu kuma ta fi ƙarfin manomin gero, don haka muke roƙon hukumomin lafiya na jiha su sa su cikin magungunan da ake saukewa a ƙananan asibitoci, su kuma shimfiɗa mana hanyar tura mai tsananin lalura zuwa Babban Asibitin Gaya da takarda a hannunsa.