Ko gwamnatin addinin Katolika za ta iya tsayuwa?

Amsa ita ce, akwai irinta a yau, wato Fadar Vatikan da ke tsakiyar birnin Rum. Yarjejeniyar Lateran ta 1929 ce ta kafa ta, kuma Fafaroma ke riƙe da iko duka. Sai dai faɗinta bai kai rabin murabba'in kilomita ba, mazaunanta ba su kai dubu ɗaya ba. A da, fafaromomi sun mallaki manyan yankuna a Italiya fiye da shekara dubu, har aka ƙwace Rum a 1870. Mulkin ƙasa babba mai addinai daban-daban kuwa zai yi wuya, domin a 1965 cocin da kanta ta amince da 'yancin addini ga kowa.