Madubin Ƙara Girma

Yau za mu koyi duban abu da kyau. Gani dabam, dubawa dabam.

Ga wani ɗan madubi a hannun malam. Ba na duban fuska ba ne. Gilashi ne mai kauri a tsakiya, siriri a gefe. Shi ya sa yake ƙara girman abu. Irin wanda malaman gona suke yawo da shi a aljihu yakan ƙara girma har sau 10.

Ga yadda ake riƙe shi. Mu kawo shi kusa da ido ɗaya. Sa'an nan mu matso da abin da muke dubawa sannu sannu, har ya fito sarai. Mu zauna inda akwai haske. Amma kada mu dubi rana da shi, sai ya lalata ido. Kada kuma a yar da shi a rana kusa da jinka ko tattaka, don yana iya ta da gobara.

Mu fara da takardarmu. Mu dubi d da ɗ. Mu dubi k da ƙ. Ƴar lanƙwasa ce kurum ta raba su, amma ita ta raba kafa da ƙafa.

To, yanzu mu tsinko tohon gyaɗa. Da ido kawai, sai mu ga wani baƙi baƙi, mu ce datti ne. Mu sa madubi. Ashe ƙwari ne, sun yi cincirindo! Mu ƙirga ƙafafun ɗaya. Shida ne. Waɗansu suna da fikafikai, waɗansu babu. Kowanne ya kafa bakinsa a jikin shuka yana tsotson ruwa. Ga kiyashi yana kai da kawowa, yana lasar zaƙin da suke fitarwa. Inda muka ga kiyashi ya yi yawa a gyaɗa, mu juya ganyen.

Waɗannan ƙwari su suke ɗaukar kuturtar gyaɗa daga shuka zuwa shuka. Ganye ya yi fari fari, shuka ta tsuke, ba ƴaƴa. A shekarar 1975 cutar nan ta cinye gonakin gyaɗa masu yawan gaske a Arewacin Nijeriya. Wanda ya ga ƙwarin da wuri, shi zai kai wa malamin gona labari da wuri.

Madubi ɗaya ya ishi aji, a riƙa miƙawa. Wanda ya duba kada ya ce, "Na ga ƙwaro," ya yi shiru. Wannan bai isa ba. Ya faɗi launinsa, da yawan ƙafafunsa, da inda ya same shi. Sa'an nan ya zana shi a allo, ya rubuta a ƙasa: ƙwaro, ƙafa 6.

Ran aji mai zuwa kowa ya zo da ƙwayar dawa 5 daga rumbunsa. Za mu nemi huji.