Bayan an naɗe tabarmar makoki: yadda za ku riƙe sunan tsohuwa

Idan tsohuwar da ta haura tamanin ta rasu, gaisuwar ma daban take. Masu ta'aziyya sukan ce, "Allah Ya jiƙanta, ai ta sha miya," wani ya ƙara da cewa Allah Ya ba mu irin cikawarta. Kwana uku gida cike, tukunya ba ta sauka daga murhu. Daga nan sai a naɗe tabarmi, na Legas su kama hanya, na Abuja su bi bayansu, a sa wa ɗakinta kwaɗo. Kafin shekara biyu, 'ya'yan ciki ɗaya sai a gidan biki suke haɗuwa, jikoki kuwa ba su san hanyar ƙauyen da aka haife ta ba.

Dalili shi ne tsohuwa irin wannan tana riƙe da ayyukan da ba wanda ya taɓa lissafawa. Ita ta san wa ya haifi wa, ita ake kai wa ƙara, a ɗakinta ake cin tuwon sallah. Idan aka raba kayanta aka bar aikinta ba mai shi, sunanta ba ya daɗewa a bakin zuri'a. Ga yadda za a bi abin daki-daki.

Ku fara sauke mata nauyi

A shari'a, bayan kuɗin jana'iza sai bashi, sai wasiyya, wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da ta bari, sannan gado. A wajen sallar gawa akan yi shela cewa mai bin ta bashi ya zo, amma wannan shela maza ne ke jin ta, alhali mu'amalar tsohuwa da mata take. Don haka ku wakilta mace ɗaya mai hankali ta bi gidajen unguwa: uwar adashi, mai ƙuli-ƙuli, dillaliya, mai kitso. Ta tambaya a keɓe, domin da yawa kunya ba za ta bar su su ce suna bin mamaciya ɗari biyar ba.

Akwai kuma ajiya. Maƙwabta kan ba tsofaffi kuɗi ko ɗan kunne su adana, su kuma su ƙulle a tsumma su tura cikin kwalla ko ƙarƙashin katifa. Kada mutum ɗaya ya buɗe ɗakin. Ku shiga ku uku, ɗaya na rubutawa, duk ƙullin da ba a gane ba a ajiye shi gefe har mai shi ya bayyana. Zinare, fili, akuyoyin da ta ba kiwo a ƙauye, duk gado ne, kuma a kira malamin da ya san ilimin rabo. Ku sani jikokin da mahaifinsu ya riga ta rasuwa ba su da kaso matuƙar ta bar ɗa namiji. Sau da yawa su ne ta raina a ɗakinta, saboda haka kyautatawa ce babba magada su cire musu wani abu daga rabonsu.

Carbinta, butarta, faifai da zanen saƙin da ta zo da shi gidan aure ba su da tsada, amma a kansu ake ɓatawa. Mai so ya nema a gaban kowa, kada a wayi gari a ga babu.

Ku rubuta tarihinta tun sa'o'inta na raye

A ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, wata Baturiya mai suna Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa Bahaushiya mai suna Baba a ƙasar Zazzau tana rubuta labarin rayuwarta. Tsohuwar ta rasu a 1951, littafin labarinta, Baba of Karo, ya fito a 1954, kuma har yau masu nazarin rayuwar matan Hausa suna komawa gare shi. Baba ba 'yar sarki ba ce, ba ta yi boko ba. An dai samu wadda ta zauna ta saurara. Ku kuwa kuna da waya mai ɗaukar murya a aljihu.

Ku je wurin ƙanwar mamaciyar, aminiyarta, har da kishiyarta idan tana raye. Ku riƙa goro da sabulu, ku nemi izini kafin ku kunna waya, kuma kada ku je ana gab da magariba. Kada ku tambayi shekara, domin da abin da ya faru suke ƙirga lokaci. Ku ce, "Iya, lokacin da aka kashe Sardauna, wa Hajiya take goyo?" Wannan Janairun 1966 ke nan. Zuwan Sarauniyar Ingila Kaduna 1956 ne, naɗin Sarkin Kano Ado Bayero 1963, yaƙin basasa 1967 zuwa 1970, komawa naira daga fam da sule 1973, kisan Murtala 1976, rikicin Maitatsine a Kano ƙarshen 1980. Mutanen Nijar za su iya kafa ma'auni da juyin mulkin Seyni Kountché na 1974 da farin da ya gabace shi. Da irin waɗannan za ku gano shekarar aurenta da ta haihuwar ɗan fari, har ku kintaci shekarar haihuwarta.

Abin da ya kamata ya shiga littafin tarihinta: sunanta na yanka, domin jikoki da yawa Hajiya ko Inna kawai suka sani, sunayen iyayenta da garinsu, sana'arta, kaɗi ne ko daddawa ko ungozomanci, 'ya'yan da ta haifa har da waɗanda suka rasu suna jarirai, da 'ya'yan riƙo. Kada ku manta da waɗanda ta shayar. Wannan ya wuce tarihi, domin shayarwa tana haramta aure, kuma idan masu sani suka ƙare sai a ɗaura abin da bai ɗauru ba. Abin da kuka ji na sirri, wanda ita da kanta ba za ta so a faɗa ba, ku bar shi inda kuka ji shi.

Idan akwai abincin da aka san hannunta da shi, miyar kuka ce ko yajin jego, ku tsaya kan surukar da ta koya a wurinta ranar da take yi, ku auna komai da cokali da gwangwani ku rubuta. Tsofaffin hotuna, har da ɗan ƙaramin na fasfon Hajji, a ɗauke su da waya, a rubuta sunayen mutane a bayansu da fensir. Ku ajiye komai a littafi mai kauri da kuma wayoyin mutum biyu ko uku. Zauren WhatsApp na dangi ba ma'aji ba ne, waya ɗaya ta faɗa ruwa an yi asara.

Ku raba aikinta

Ku zauna ku lissafa waɗanda take yi wa alheri: almajirin da ke da kwanon tuwo kullum dare, gwauruwar da take aika wa gero da sukari da azumi, dangin ƙauye da ke samun naman layya. Kowane suna a ɗora shi a wuyan mutum ɗaya, a faɗa a gaban kowa. Abin da aka ce na kowa ne, ba mai yin sa. Ya tabbata a hadisi cewa sada zumunci da aminan iyaye bayan rasuwarsu yana cikin mafi girman biyayya, kuma zumunta a ƙafa take. Aminiyar tsohuwa ta fi bukatar a zauna da ita rabin sa'a fiye da a turo yaro da leda.

Ku tsayar da rana ɗaya a shekara, misali washegarin ƙaramar sallah, da gidan da za a riƙa haɗuwa. Yarinyar da aka yi mata takwara, wadda ake sakayawa da Ummi ko Walida, a ranar nan a zaunar da ita a gaya mata wace ce mai sunan.

Sadakar da za ta ɗore

Da mahaifiyar Sa'adu bin Ubada ta rasu, ya tambayi Manzon Allah (SAW) sadakar da ta fi, aka nuna masa ruwa, sai ya haƙa rijiya da sunanta. Kafin ku kashe kuɗi kan kalanda da robobi masu hotonta, ku auna su da wannan. Malamai sun saɓa a kan taron bakwai da na arba'in, kuma ba abin da zai fi ɓata wa tsohuwa rai kamar 'ya'yanta su yi faɗa a kansa, don haka kowa ya bi fahimtarsa cikin mutunci.

Ku zaɓi sadakar da ta yi kama da halinta. Wadda ta saba ajiye randa a ƙofar gida, ruwa ya dace da ita. Ungozoma kuwa, a riƙa biya wa mace mai ƙaramin ƙarfi kuɗin awo da na haihuwa. Idan rijiyar burtsatse za ku yi, ku ware kuɗin gyara tun ranar farko ku damƙa wa wani amintacce, domin famfon da ya lalace ba ya shayar da kowa. Wanda ba shi da ƙarfi ya dasa mangwaro ko darbejiya ya kula da shi har ya kama. Karo-karon wata-wata, ko dubu ɗaya ce, ya fi alkawarin miliyan da aka yi cikin kuka.

Kada a jira babban wa ya kira taro, ƙarami ma yana iya ɗaukar littafi da biro ya fara. A wannan makon, ku nemi mafi tsufa cikin ƙawayenta ku je gaishe ta. Addu'a bayan kowace salla kuwa ba ta bukatar taro ko kuɗi. Allah Ya jiƙan iyayenmu da kakanninmu, Ya sa Aljanna ce makomarsu.