Darasi na 9: Yari da Mahukunta

Karatu: Ayyukan Manzanni 16:22-40

A shekara ta 2020, sa'ad da annobar korona ta shigo Nijeriya, hukuma ta rufe makarantu, ta hana taro, ta tsare hanyoyin da ke tsakanin jihohi, ta kuma umarta kowa ya sa takunkumi. Masu bi na Pantami sun ɗanɗana nauyin dokar. Amma ba gwamna aka saba iskewa a bakin shinge ba. Ɗan sanda aka iske, da duba-gari, da malamar asibiti riƙe da ma'aunin zafin jiki. A kansu aka sauke fushi.

Ku dubi Bulus a Filibi. Aka bulale shi da Sila ba shari'a, yari kuwa ya sa ƙafafunsu a turu, gama haka ya ga zai cika umarnin da aka ba shi. Da tsakar dare ƙasa ta girgiza, ƙofofi suka buɗe. Bulus bai gudu ba. Da ya ga yari ya zare takobi zai kashe kansa, sai ya ɗaga murya ya hana shi. Ran mutumin da ya kulle shi yana da daraja a gare shi.

Kada fa a ce Bulus ya haɗiye zalunci. Da gari ya waye mahukunta suka aiko a sallame su a ɓoye. (Waɗanda aka aiko, a Helenanci sunansu masu riƙe da sanda, wato 'yan sanda sosai.) Bulus bai zage su ba, ya mai da su da saƙo, sai da mahukunta suka zo da kansu suka ba da haƙuri.

Mu ma mun ga zalunci. A watan Afrilu na 2020 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙidaya mutum 18 da jami'an tsaro suka kashe a ƙasar cikin makonni biyu na farkon kulle. A watan Mayu majinyata a Kwadon suka fito daga wurin killacewa suka tare hanyar Biu, suna kukan rashin kula. A ganina kukansu yana da dalili, amma masu wucewa da suka cuɗanya da su ba su ne mahukunta ba.

Tambaya: In ɗan sanda ya nemi na goro domin ya buɗe maka shinge ranar kulle, me za ka ce masa, wurin wa kuma za ka kai ƙara?