Gargaɗi Ga Mai Son Ɗora Bene Da Hannunsa

Jama'a, ruftawar gini ta zama ruwan dare a Abuja. A watan Agustan 2018 wani bene da ake ginawa a Jabi ya zube kan leburori. A Fabrairun 2023 aka sake gani a Gwarimpa, inda hukuma ta ce an ƙara hawa a kan abin da ta amince da shi. Watan Agustan 2023 bai fita ba sai da wani bene a Garki ya danne mutane cikin dare, aka rasa rayuka. Waɗannan manya ne, shi ya sa aka ji su. Abin damuwa shi ne ƙananan da ke zuwa a baya.

Ga maigida a Kubwa ko Lugbe ko Nyanya, iyali sun ƙaru, haya ta yi tsada. Sai ya ce bari ya cire kwano ya zuba dekin, ya ɗora ɗakuna biyu. Bai taɓa riƙe cokalin gini ba, amma ya kalli bidiyo a waya, ya kira birkila guda da yaran unguwa. Shi ne mai zane, shi ne injiniya, shi ne mai sa ido.

Ya kai maigida, tsaya ka yi lissafi. Kankare mai kaurin santimita 15, kowace murabba'in mita tasa ta kai kilo 360. Ɗaki mai mita 4 tsawo da 4 faɗi, nauyin dekinsa kusan tan 6 ne, kafin a ɗora bulo, kafin tankin ruwa mai lita 2,000 wanda shi kaɗai tan 2 ne. Duk wannan a kan harsashin da aka haƙa domin ɗaukar kwano kawai!

Harsashin gini kamar jaki yake. Jaki ba ya gardama. Ka ɗora masa mangala ya tafi, ka ƙara buhu ya tafi, ka hau kai ma ya tafi, har ka riƙa yabonsa a kasuwa. Ba ka ga ƙafafunsa na rawa ba, domin idonka na kan riba. Ran da zai durƙushe ba zai yi sallama ba, kuma a tsakiyar hanya zai yi. Bambancin kawai, kayan jaki ƙasa suke faɗawa, na gini kuwa kan 'ya'yanka.

Sannan ga rowa da gaggawa. Kwaɓin da aka saba da shi awo 1 na siminti ne, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, amma sai a cika yashi a tsuga ruwa don buhu ya yi auki. A sayi siririn rodi, a tazarta shi. Kankare ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai ya yi kwana 28, kuma yana son ban ruwa aƙalla mako guda, amma wani kwana 10 ya ƙwace gorar da ta tokare shi don a mayar wa mai haya. Haba! Wannan ba tsimi ba ne, ganganci ne. Kada kuma a fake da ƙaddara. Rai amana ne, na leburan da ka ɗauka da na maƙwabcin da ke kwana jikin katangarka, kuma Allah zai tambaye ka.

Sauran a taƙaice. Mai kafa rumfar katako a tsakar gida ya shafa maganin gara, kada ya binne katako kai tsaye cikin ƙasa. Baranda a yi mata makari saboda yara. A nisanci wayar lantarki, kada a toshe magudanar ruwa.

Kafin ka sayi buhu ɗaya, nemi injiniya mai rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN ya duba harsashi da ginshiƙai, sannan ka kai zane Sashen Kula da Gine-gine na Abuja a ba ka izini. In injiniya ya ce gidan ba zai ɗauka ba, ka haƙura. Wanda ya ƙi ji, ko dai hukuma ta rushe masa, ko ginin ya riga hukuma.