DARASIN FARANSANCI: A dubi wutsiyar kalma kafin a sa hannu

Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ce hausa ita ce harshen ƙasa a Nijar. Faransanci da ingilishi harsunan aiki ne. Amma takardu ba su sakewa dare ɗaya. Manomin fadamar Ƙonni, mai shan ruwan madatsun Mozage da Zongo, shina gamuwa da faransanci ga takardar kuɗin ruwa. Mai albasa a Galmi shina gamuwa da shi ga takardar bashin taki. Haka mai neman aiki gidan siminti na Malbaza, haka mai zuwa duwan. Darasin yau don su ne.

Kalmar aiki ita ake kira aikatau: noma, biya, saida. A hausa aikatau ba shi motsi. Ana cewa ina noma, kana noma, suna noma. Abin da ke gabanshi kaɗai ke sakewa. A faransanci kuwa gaba na sakewa, baya na sakewa. Aikatau shina da jiki, shina da wutsiya. Jiki na nan tsaye, wutsiya ce ke bin mai aikin.

Mafi yawan aikatau na faransanci suna ƙarewa da ER. Ga guda: SIGNER, wato sa hannu. In anka cire ER, saura SIGN. Shi ne jiki. Sai a liƙa wutsiya:

je signe: ina sa hannu
tu signes: kana ko kina sa hannu
il signe, elle signe: shina, tana sa hannu
nous signons: muna sa hannu
vous signez: kuna sa hannu
ils signent, elles signent: suna sa hannu

Wutsiyoyin ke nan: e, es, e, ons, ez, ent. Wanda ya riƙe su ya riƙe dubban kalmomi. Cultiver (noma), arroser (ban ruwa), donner (bayarwa), rembourser (biyan bashi), duk hanyarsu guda. ALLER, wato tafiya, shi ne ɗan banzan gidan. Shina ƙarewa da ER, amma ana cewa je vais. Shi sai wata rana.

Ga inda wahala take. Signe, signes da signent, baki na faɗinsu iri ɗaya. Kunne ba shi rarrabe IL SIGNE da ILS SIGNENT. Na farko mutum guda ne, na biyu mutane da yawa. Ido kaɗai ke ganin S ga ils, da NT ga wutsiya. Shi ya sa jin faransancin tasha bai isa ba. Akwai wanda ya yi shekaru shina ciniki da faransanci, in anka karanta mishi takarda ba shi iya sanin ko mutum nawa take nufi. Sauƙin abin, in aikatau ya fara da wasali, S na fitowa kamar Z. Il arrose ana jin "il aroz". Ils arrosent ana jin "il zaroz".

A ce ƙungiyar manoma ta karɓi taki bashi. In takarda ta ce NOUS REMBOURSONS DIX SACS, ƙungiya ce ke biyan buhu goma. In ta ce JE REMBOURSE DIX SACS, wanda ya sa hannu ya ɗauki buhu goma bisa kanshi, shi kaɗai. Ko an ga NOUS, a ci gaba da karatu har ƙasa. In akwai kalmar SOLIDAIREMENT, ana iya bin mutum guda bashin kowa. Wanda bai gane ba shi tambayi malamin yaƙi da jahilci tun bai dangwala yatsa ba. Tambaya ba ta da kunya, biyan bashin wani ke da ciwo.

TU da VOUS ba baƙon abu ba ne. Yaro mai ladabi shina ce ma dattijo "kun kwana lafiya". Haka VOUS yake. Ana faɗa ma likita, ko ma'aikaci, ko baƙo, ko da shi kaɗai ne. TU na aboki ne da yaro, kuma ba shi raba kai da ke. Amma inda hausa ke da SU guda, faransanci na da biyu. Elles na mata ne zalla. In namiji guda ya shiga cikinsu, sai a koma ils.

Rukuni na biyu masu IR ne, kamar REMPLIR, cika buhu ko cika takarda: je remplis, tu remplis, il remplit, nous remplissons, vous remplissez, ils remplissent. Nan kunne ya huta, don ISS na nuna jam'i. Finir (ƙarewa) da choisir (zaɓe) haka suke tafiya.

Ɗan kasuwa kuma ba shi rasa VENDRE, saidawa: je vends, tu vends, il vend, nous vendons, vous vendez, ils vendent. Ga mutum guda D na yin shiru, ga mutane da yawa ana jinta. Attendre (jira) da répondre (amsawa) sun bi sahu.

AIKIN GIDA. A kwafe bisa allo, a cika wutsiya, a kai ma malam:

1. Nous cultiv... le mil à Illéla.
2. Elles vend... le lait à Badaguichiri.
3. Vous rempl... les sacs d'oignons.
4. Tu arros... le jardin.
5. Ils rembours... l'engrais.

Ga ta biyar, a faɗi da hausa: mutum nawa ke biyan takin?