Darasi: Takin Sufa da Tsamin Ƙasa

A Samaru ta Zariya akwai wata gona da aka fara gwajin taki a cikinta tun 1950. Tana hannun Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello. An yanka ta ƙananan filaye 81. Wani fili kashin shanu aka riƙa zuba masa, wani takin zamani, wani a haɗa masa duka biyun, wani kuwa ko ƙyas. Idan kaka ta yi sai a auna abin da kowane fili ya bayar, a duba ƙasarsa.

A Ingila ma akwai irin wannan gona a Rothamsted, inda ake shuka alkama tun 1843 har yau. Mai gonar na wancan lokaci, John Lawes, shi ne ya fara yin takin sufa na sayarwa. Ana daɗewa haka ne don ƙasa ba ta nuna gajiyarta a damina ɗaya.

Ga abin da aka gano. Filin da ake ta zuba wa takin da ke sa ganye ya yi kore shar, ba tare da takin gargajiya ba, a hankali ƙasarsa takan yi tsami. Yuriya na cikin irin wannan taki. Ba da harshe ake gane tsamin ba, da ma'auni ne. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki. Idan ta sauka ƙasa da 5.5, shuka ta fara wahala.

A cikin sufa akwai sinadarin fosfaras, mai ƙarfafa saiwa da cika ƙwaya. Amma ƙasa mai tsami takan damƙe shi, ta hana saiwa sha. Sai manomi ya ga masararsa ta tsumbure, gefen ganyenta ya yi ja-ja, alhali ya kashe kuɗin taki. A Samaru, filayen da aka haɗa wa kashin shanu da takin zamani sun fi riƙe ƙarfinsu.

To, me manomi zai yi?

Ka sa sufa tun lokacin shuka, kusa da rami, ka rufe da ƙasa. Fosfaras ba ya tafiya nesa da inda aka ajiye shi, kuma ragowarsa kan amfani shukar baɗi.

Ka riƙa kai kashin dabbobi da tokar murhu gona. Toka na rage tsami.

Kada ka ƙone karan da ya rage, bar shi ya ruɓe a gona.

Idan tsamin ya yi yawa, farar ƙasa ce maganinsa, amma sai an auna.

Malam manomi, kafin ka sayi takin bana, nemi malamin gona ya taimake ka a auna ƙasar gonarka.